Nazarin Mata da Jinsi a Jami'a: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Ma'aikacin ƙidaya ya yi sallama a zaure, ya buɗe takardarsa, ya tambayi maigida, "Mai ɗakinka tana aiki?" Maigida ya ce, "A'a, tana gida." Ya rubuta cewa ba ta da sana'a, ya wuce gida na gaba. A cikin gidan kuwa, tun daren jiya matar ta surfa wake, da asuba aka markaɗo, ta soya ƙosai yarinya ta fita da shi. Da hantsi tana matsar man gyaɗa, da la'asar tana murza ƙuli-ƙuli. Tana zubin adashi, tana da awaki a hannun ƙaninta a ƙauye, kuma da guminta ake tara kayan ɗakin 'yarta. Babu wanda ya yi ƙarya a zauren nan. Tambayar ce aka yanka ta daidai da rayuwar mutumin da ke fita da safe ya karɓi albashi a ƙarshen wata. Amma takardar ita za ta je ofis, da ita za a tsara rance da horon sana'a, kuma a cikinta matar nan zaman banza take yi.

Gano irin wannan giɓi, da auna shi, da bayyana ɓarnar da yake jawowa, shi ne ainihin aikin fannin da jami'o'i ke kira nazarin mata da jinsi. Sunan yana ɗaga wa mutane da yawa hankali a ƙasar Hausa, kuma akwai dalilai, za mu zo kansu. Amma kafin a yanke wa fanni hukunci, ya kamata a san abin da ake yi a ajinsa.

Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960. A 1969 ta buga maƙala kan ɓoyayyen cinikin ƙasar Hausa, inda ta nuna yadda hatsi da mai da dafaffen abinci ke yawo daga gida zuwa gida a hannun matan kulle, kasuwa sukutum ba rumfa ba mai karɓar haraji. Bayanta Enid Schildkrout ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa ba don yara masu talla ba da wannan ciniki bai yiwu ba. Daga nan sai a fahimci abin da masu kiran a sa yara makaranta suka daɗe suna tuntuɓe da shi. Idan ka ce a cire yarinya daga talla, ka taɓa jarin uwarta, ka taɓa kayan ɗakinta ita kanta. Uwar da ta noƙe ba lallai jahilci ne ya hana ta ba, lissafi ta yi. Duk shirin da bai amsa lissafin nan ba zai gina aji ya sayi benci, yarinya kuma tana bakin tasha da faranti a ka.

Abin da halitta ta raba da abin da mutane suka raba

Darasin farko a kowane sashe shi ne rarrabe abu biyu. Akwai abin da halitta ta raba: mace ke ɗaukar ciki, ta haihu, ta shayar. Akwai kuma abin da al'umma ta raba, wanda yake sauyawa daga gari zuwa gari da zamani zuwa zamani: wa ke girki, wa ke zuwa kasuwa, wa ke riƙe kuɗi, wa ke magana a taro. Littafin Ann Oakley na 1972 yana cikin waɗanda suka shigar da wannan rarrabewa ilimin zamantakewa, amma Bahaushe ba ya buƙatar zuwa Ingila kafin ya gan ta.

Duba mai shayi. Namiji ne, yana soya ƙwai yana dafa taliya a bakin titi, ba mai ce masa komai, amma idan ya shiga madafin gidansa ya ɗora tukunya sai unguwa ta ɗauka. Wanki a gida na mata ne, wanki da guga na kuɗi kuwa maza suka riƙe shi. A ƙauyuka da yawa 'yan mata ke ɗebo ruwa a rijiya, a birni kuwa da ruwa ya zama abin sayarwa sai 'yan ga-ruwa maza suka karɓe shi. Kaɗin zare na mata ne tun da can, ɗinkin babbar riga na maza. A kasuwannin Ibadan da Onitsha da Kumasi mata ne da rumfuna, a Kurmi da Kantin Kwari na Kano maza ne suka fi yawa. Wurin Buzaye namiji ne ke rufe fuska. Ɗalibin wannan fanni yana lura da wani zare da ya ratsa da yawa daga misalan nan, wato aiki guda ne, amma da zarar kuɗi ya shigo cikinsa kuma ya fito fili sai ya koma hannun maza. Me ya sa? Wa ya ci riba, wa ya yi asara? Me addini ya ce, me kuma al'ada ta ƙara daga aljihunta? Waɗannan tambayoyi ne na ilimi, kuma suna da amsoshin da za a iya bincikowa.

Daga ina ya taso

A matsayin sashe mai zaman kansa a jami'a, fannin bai tsufa ba. Shiri na farko an buɗe shi ne a 1970 a kwalejin San Diego da ke Kalifoniya ta Amurka, bayan da ɗalibai da malamai mata suka yi ƙorafin cewa tarihi da adabi da tattalin arzikin da ake koya musu kusan duk labarin maza ne. A shekarar nan dai Ester Boserup, masaniyar tattalin arziki 'yar Denmak, ta fitar da littafinta kan matsayin mata a cigaban tattalin arziki, inda ta nuna cewa a sassan Afirka da yawa mata ke noman abinci, amma Turawan mulkin mallaka da ma'aikatan gona sai suka ba maza horo da iri da kayan aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taron mata na farko a Meziko a 1975, ta ware 1976 zuwa 1985 a matsayin shekaru goma na mata, aka rufe su da taron Nairobi, sannan aka yi babban taron Beijin a 1995. Tun daga shekarun 1980 sassan suka fara ƙara "jinsi" a sunansu, domin an gane ba za a fahimci halin da mace ke ciki ba sai an dubi namijin da suke zaune tare.

Wanda ya ce Afirka karɓa kawai ta yi bai san tarihin ba. A 1977 masana mata na nahiyar suka kafa ƙungiyar bincike tasu a Dakar, mai suna AAWORD, kuma babban abin da ya tunzura su shi ne yadda takwarorinsu na Turai da Amurka ke rubutu a kan matan Afirka ba tare da sauraronsu ba. A nan Arewa, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya aka yi taron 1982 da ya haifar da ƙungiyar mata ta WIN, wadda Ayesha Imam ke cikin waɗanda suka kafa ta. A 1987 aka buɗe cibiyar bincike da adana bayanai kan mata a Jami'ar Ibadan ƙarƙashin jagorancin masaniyar tarihi Bolanle Awe. Jami'ar Makerere ta Yuganda ta buɗe sashenta a 1991. Amina Mama, wadda ta tashi a Kaduna, ta shugabanci cibiyar nazarin jinsi ta Jami'ar Cape Town, kuma tana cikin waɗanda suka kafa mujallar Feminist Africa a 2002.

Wasu daga cikin littattafan da suka fi girgiza fannin ma 'yan Najeriya ne suka rubuta su. Ifi Amadiume a 1987 ta nuna yadda a garin Nnobi na ƙasar Ibo 'ya mace kan iya tsayawa a matsayin ɗa namiji wajen gado. Oyeronke Oyewumi a 1997 ta kafa hujjar cewa a tsohuwar ƙasar Oyo girma da shekaru sun fi jinsi nauyi wajen tsara wa ke sama da wa. An yi mata raddi, har daga 'yan'uwanta Yarbawa, kuma haka ilimi ke tafiya. Ɗalibin Bahaushe da ya karanta ta zai tuna da ikon uwar miji a kan ɗanta magidanci, da uwargida a kan amarya, da sarautun mata irin su Magajiya da Iya da Innar Gobir da Mai Babban Ɗaki a Kano. Cewa kawai "maza na sama, mata na ƙasa" bai isa ya bayyana gidan Bahaushe ba, kuma malami nagari ba zai bar ɗalibi ya tsaya a nan ba.

Muna kuma da namu tushen da ya girmi San Diego nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa wurinta su ɗauki karatu, ta naɗa musu malfa, su koma ƙauyukansu su karantar da mata. Aikin da Jean Boyd da Beverly Mack suka yi na tattara rubuce-rubucenta, wanda ya fito a 1997, a yau ana karanta shi a jami'o'in ƙasashen waje. Abin takaici ne a ce ɗalibi a Amurka ya san Asma'u fiye da ɗalibi a Sakkwato.

Abin da ake yi a aji

Fannin ba shi da katanga. Yana aro daga tarihi da shari'a da tattalin arziki da kiwon lafiya da adabi da siyasa, shi ya sa za ka tarar da likita da lauya da ɗan jarida a aji ɗaya. Ana farawa da ra'ayoyin masana, daga Simone de Beauvoir ta Faransa da littafinta na 1949, zuwa Kimberlé Crenshaw wadda a 1989 ta bayyana yadda jinsi ke haɗuwa da launin fata da talauci su ninka wa mutum wahala. Ma'anarsa a wurinmu ita ce matar kwamishina a Nasarawa ta Kano da bazawara mai surfe a ƙauyen Gumel duk mata ne, amma damuwarsu ba ɗaya ba ce, kuma ba daidai ba ne ta farko ta yi magana da sunan ta biyu ba tare da ta tambaye ta ba.

Inda na fi ganin amfanin fannin a fili shi ne wajen haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa a Najeriya mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Likita zai gaya maka abin da ke kashe su: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, ƙwayoyin cuta. Amma a 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka fito da bayanin jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon nan ba allura ke maganinsa ba. Yarinya ce mai cikin fari, kunya ta hana ta faɗin cewa naƙuda ta fara. Da aka gane, mijin ya tafi cin rani, wayarsa ba ta shiga, babu wanda ke son ya ɗauki nauyin fitar da matar wani ba da izininsa ba. Uwar miji ta ce ita goma ta haifa a ɗaki. Kuɗin mota yana hannun wanda ba ya nan. Kafin a gama shawara kwana ya yi, kuma idan ta tsira da rai wataƙila ta ƙare a asibitin Babbar Ruga ta Katsina da yoyon fitsari. Mai binciken da ya gano cewa a nan matsalar take zai ba da shawarar da ba ta da tsada: miji ya bar izini tun kafin ya tafi, a ajiye kuɗin mota, a shirya da direba. A yankin Damagaram na Nijar an kafa makarantun magidanta, inda mazajen da ake ganin girmansu ke zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti su kuma jawo hankalin sauran. Irin wannan tunani ne ya haife su.

A ɓangaren shari'a ana karanta yarjejeniyar CEDAW ta 1979 kan haƙƙin mata da Najeriya ta amince da ita a 1985, da yarjejeniyar Maputo ta 2003, da dokar kare haƙƙin yara ta 2003, da dokar hana cin zarafi ta 2015. Amma ga ɗalibin Arewa tambayar da ta fi zafi tana gida: tazarar da ke tsakanin abin da Musulunci ya ba mace da abin da ke isa hannunta. Littafi ya ba ta gado, amma gonar tana hannun yayanta "yana riƙe mata" har ta mutu. Littafi ya ce ta yi idda a ɗakinta, amma da an miƙa takarda sai ta kwashe kaya a daren. Ciyar da 'ya'ya bayan saki wajibin uba ne, amma je kotun shari'a kowace safiya ka ga masu zaman jira da goyo. Auna wannan tazara, mata nawa, a wace ƙaramar hukuma, saboda me, aiki ne da malamin addini da alƙali da ɗan majalisa duk za su amfana da shi.

Shari'o'in Safiya Hussaini da Amina Lawal, waɗanda aka yanke wa hukuncin jifa kan zargin zina, darasi ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallami Safiya a 2002, ta Katsina ta sallami Amina a 2003. Lauyoyinsu sun yi nasara ne da hujjojin fiƙihun Malikiyya da ƙa'idojin shari'ar kanta, irin su haƙƙin janye iƙirari da mas'alar kwantaccen ciki. A lokacin da duniya ke ta aiko da wasiƙun zanga-zanga, ƙungiyar BAOBAB da Ayesha Imam ke cikin shugabanninta ta fito ta roƙi a dakata, domin wasu wasiƙun na ɗauke da bayanan da ba daidai ba kuma suna iya ƙara dagula lamarin. Wanda ya san al'ummarsa da littattafanta ya yi abin da hayaniyar nesa ba ta yi ba.

Siyasa ma tana da nata babi. Matan Kudu sun fara jefa ƙuri'a tun shekarun 1950, na Arewa sai 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda ta sha ɗauri a kan haka. Majalisar dattawan da ta biyo bayan zaɓen 2023 mata huɗu gare ta cikin kujeru 109, kuma a watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata. Nijar kuwa tun shekarar 2000 ta yi dokar ware wa kowane jinsi kaso a muƙamai. Ko ware kujeru yana sauya rayuwar matar ƙauye, ko kuwa matan manya kawai yake ɗagawa, muhawara ce da ɗalibai ke yi da alƙaluma a gabansu.

A adabi akwai littattafan Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Zaynab Alkali, da finafinan Kannywood, inda ake duba yadda ake zana kishiya da bazawara da 'yar boko. Akwai kuma nazarin maza, wanda mutane da yawa ba su san yana cikin fannin ba. Saurayin da lefe ya hana shi aure har ya haura talatin da biyar, magidancin da ke kwana da tunanin cefane ba ya iya faɗa wa kowa saboda namiji ba ya kuka, almajiran da kusan dukansu yara maza ne, matasan da daba da ƙwaya suka cinye: duk waɗannan al'umma ce ta ɗora musu wani kaya saboda su maza ne.

Sai dabarun bincike, wanda a ganina shi ne abin da ɗalibi zai fi cin moriyarsa. Ana koyon tsara tambayoyi, da hira, da lissafin alƙaluma, da ladabin riƙe sirri. Tambayi mace ko mijinta na ba ta kuɗin asibiti alhali uwar mijin na zaune a kan tabarma tana tsinkar zogale, amsar da za ki samu daban take da wadda za ta ba ki ku biyu a ɗaki. Littafin Baba of Karo, wanda ya fito a 1954, ya samu ne saboda M. G. Smith da ke bincike a ƙasar Zazzau ba shi da damar shiga gidajen da aka ce ba shiga, sai matarsa Mary ta zauna da wata tsohuwa, Baba, tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta da bakinta: hare-haren bayi, aure-aurenta, ƙawance, bori, zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951 ba ta ga littafin ba. Har yau yana cikin mafi daraja a kan rayuwar Hausawa kafin mulkin mallaka da farkonsa, kuma tsofaffi irinta suna nan a kowace unguwa suna tafiya da abin da suka sani.

Tsoron da mutane ke yi

Ana cewa fannin na zuga mata su raina mazajensu, ana cewa ƙofa ce ta shigo da auren jinsi. Bai kamata a share waɗannan da dariya ba, kuma bai kamata a ɓoye gaskiya ba. A jami'o'in Amurka da Turai babban ɓangare na karatun a yau ya shafi sha'awa da yadda mutum ke ɗaukar jinsin kansa, kuma littafin Judith Butler na 1990 yana tsakiyar manhaja. Wanda ya tafi can zai karanta su, zai zauna aji da masu ra'ayin da ya saɓa wa addininsa. Ko a Turan ma ba a haɗu a kan fannin ba, gwamnatin Hangari ta soke amincewa da digirinsa a 2018. A Najeriya dokar 2014 ta haramta auren jinsi, kuma sassan da ke jami'o'in Afirka galibi sun fi karkata ga lafiya da ilimi da noma da shari'a da rikici da zaman lafiya.

Karanta ra'ayi daban, karɓarsa daban. Imam Gazali sai da ya ƙware a littattafan masana falsafa, ya rubuta bayanin manufofinsu, sannan ya yi musu raddi. Ɗalibin da ya je da tushe a addininsa da tarihinsa zai iya ɗaukar dabarar bincike ya bar abin da bai yarda da shi ba, ya kuma faɗi dalilinsa a rubuce. Cikin fannin akwai Musulmi masu muhawara da juna, irin su Fatima Mernissi ta Maroko da Leila Ahmed ta Masar, waɗanda malamai da yawa ba su yarda da wasu fassarorinsu ba. Akwai kuma aikin Muhammad Akram Nadwi, wanda ya tattara tarihin mata malaman hadisi sama da 8,000. A gida, ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ta daɗe tana aikin ilimi da lafiyar mata daga cikin Musulunci.

Ni abin da ya fi damuna da fannin wani ne daban. Kuɗin bincike galibi daga waje yake zuwa, kuma mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya. Sai ka ga shekara guda kowa na rubutu a kan abu ɗaya saboda a nan tallafi yake, alhali abin da ke hana matan unguwa barci, kamar yawan saki ko tsadar kayan ɗaki ko rashin ruwa, ba mai kula shi. Akwai kuma yaren taron bita, kalmomi manya da ake maimaitawa a otal waɗanda ba za a iya faɗa wa mai ƙosai ta gane ba. Kuma wasu rubuce-rubucen ba sa ganin Bahaushiya sai a matsayin abar tausayi, ba sa ganin mai jari, mai dabara, malama, mai faɗa a ji a cikin danginta. Maganin wannan shi ne 'ya'yan gida su shiga su yi aikin da kansu, da harshen da matan ke ji. Ousseina Alidou ta Nijar ta yi haka a littafinta na 2005 kan matan Musulmi na ƙasarta.

Ga mai son shiga

A Najeriya galibi ana karanta fannin ne bayan digiri na farko, a matakin difloma ko digiri na biyu ko na uku. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar nazarin jinsi, haka Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife, kuma cibiyar nazarin Afirka ta Ibadan tana karantar da shi. A Kamaru Jami'ar Buea tana da sashe guda a kansa. A Gana akwai cibiya a jami'ar Legon. A Sudan akwai Jami'ar Ahfad ta mata a Omdurman, wadda asalinta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a 1907, sai dai yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa karatu a yankin.

Shawarata ita ce mutum ya fara riƙe wata sana'ar ilimi a hannu, lauya ko aikin jinya ko tattalin arziki ko aikin gona ko koyarwa ko nazarin addini, sannan ya ɗora wannan a kai. Masanin noma da ya san yadda mata ke samun gona da taki ya fi wanda ya san ra'ayoyi kawai samun abin yi. Kada a guji lissafi. Claudia Goldin ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023 ne saboda ta bi alƙaluman aikin mata a Amurka na kimanin shekara 200. Wanda ke iya karanta Larabci da ajami yana da taskar da yawancin masu bincike na waje ba su da mabuɗinta, Faransanci kuma yana buɗe Nijar da Chadi da Kamaru.

Wuraren aiki sun haɗa da ma'aikatun mata da na lafiya da ilimi, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF da UNFPA, ƙungiyoyin agaji a Arewa maso Gabas, kafofin watsa labarai, jami'o'i, da shirye-shirye irin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin da suka haɗa da Kano da Katsina da Kaduna. Amma a sani cewa yawancin ayyukan ƙungiyoyi na kwantiragi ne, kuma rushe hukumar USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya raba mutane da dama da aikinsu. Maza ma suna karanta fannin kuma ana buƙatarsu, domin akwai majalisar da mace ba za ta zauna ba, kamar yadda akwai ɗakin da namiji ba zai shiga ba.

Kafin a biya kuɗin makaranta, a tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta amince da shirin, a nemi jerin darussa a gani ko akwai dabarun bincike da lissafi a ciki, a kuma tambayi wane malami ne zai duba kundin mutum da irin binciken da shi kansa ya taɓa yi a fili. Idan dama ta samu, a shiga ɗakin karatu na sashen a buɗe kundayen ɗaliban da suka gama, a duba ko sun je sun zauna da mutane ne ko kuwa rahotannin ƙungiyoyi suka kwafa.